Harrier: Jirgin Yaƙin Da Ke Rusunawa Ya Gaida Jama'a Ya Kama Hanyar Gidan Tarihi

Duk wanda ya taɓa zuwa kallon baje kolin jiragen sama a Ingila a shekarun 1980 ko 1990, in ka tambaye shi abin da ya fi tsaya masa a rai, da wuya bai ambaci Harrier ba. Jirgin yaƙi ne mai injin jet kamar sauran, amma sai ka ga ya taho a guje, ya rage gudu, ya ƙara ragewa, har ya tsaya cak a sararin sama kamar an rataye shi da igiya. Ƙara kuwa sai an toshe kunne. Daga nan ya juyo ya fuskanci 'yan kallo, ya sunkuyar da hanci kamar yaro mai tarbiyya ya zo gaida manya, ya ɗan ja da baya, sannan ya ɗaga ya yi gaba. In za a raɗa masa suna da Hausa, jet mai saukar ungulu ke nan. Sunan Harrier kansa na wani tsuntsu ne dangin shaho mai shawagi ƙasa-ƙasa a kan fili, wanda wasu nau'insa kan gudo wa sanyin Turai su zo Sahel, har Nijar da arewacin Najeriya, suna farautar fara.

Birtaniya da ta haifi wannan jirgi ta sallame shi tun ranar 15 ga Disamba, 2010, ranar da guda 16 suka yi shawagin bankwana daga sansanin Cottesmore. Indiya ta ajiye nata a Goa a watan Mayun 2016. Italiya na maye gurbin nata da F-35B, sabon jet mai saukar ungulu ƙirar Amurka. Sojojin kundumbalar Amurka da ake kira Marines, waɗanda suka fi kowa morar sa tun 1971, sun tsayar da 2026 a matsayin shekarar rabuwa, kuma rukuninsu na ƙarshe mai tuƙa shi shi ne VMA-223 na sansanin Cherry Point a jihar North Carolina. Duk inda aka yi taron sallamar abu ɗaya ake gani: tsofaffin matuƙa da makanikai masu furfura, ana hotuna, ana shafa jikin jirgi kamar dokin da ya tsufa a hannun ubangidansa.

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Akwai wannan a cikin kewar Harrier, amma in aka zauna aka tsefe ta, kewar Baturen Ingila daban take da ta matuƙi, ta matuƙi daban da ta hafsan da ke lissafin yaƙi. Akwai kuma wasu gidaje da ambaton sunan jirgin kawai ke fama musu tsohon miki.

Tsoro ne ya haifi Harrier. A shekarun 1950 jiragen jet suna ƙara nauyi da gudu, titin da suke buƙata don tashi yana ƙara tsawo, har ya kai kilomita biyu zuwa uku na kankare. Irin wannan titi ba ya ɓoyuwa. Kowane sansanin ƙungiyar NATO a Jamus ta Yamma yana kan taswirar Tarayyar Sobiyet, kowa kuma ya san in yaƙi ya ɓarke titunan nan za a fara farfasawa. Jirgin da ya ci miliyoyi, in ba shi da inda zai yi gudu ya tashi, ya zama ƙarfe a ajiye. Abin da Isra'ila ta yi wa Masar da safiyar 5 ga Yuni, 1967, da ta ragargaza yawancin jiragen yaƙinta tun suna ƙasa, ya nuna wa kowa tsoron ba na banza ba ne.

Ƙasashe da dama sun nemi mafita, kusan dukansu kuma suka sha ƙasa. Faransa ta ƙera Mirage IIIV mai ƙananan injina takwas don ɗaga shi kawai, ga kuma babban injin tafiya. Jamus ta Yamma ta gwada nata har kala uku ta haƙura. Amurka ta gwada jirgin da ke tsayawa a kan wutsiyarsa kamar roka, matuƙin ya riƙa saukowa yana waiwaye ta kafaɗa. Sobiyet ce kaɗai ta kai nata, Yak-38, ga aiki a 1976, amma ba ya ɗaukar kayan kirki, ba ya zuwa nesa, aka ajiye shi a 1991. Ciwon duk ɗaya ne. Injin da aka saka don ɗaga jirgi kawai, da zarar an tashi ya zama kaya, kamar mutumin da ya wuni da tsani a ka don zai hau katanga sau ɗaya.

Dabarar Harrier ita ce injin ɗaya ya yi aikin biyu. Abin dariyar shi ne, jirgin da Turawan Ingila ke bugun ƙirji da shi a matsayin tsantsar basirarsu, tushen dabararsa daga wani injiniya Bafaranshe ne, Michel Wibault, wanda ya zana ta a 1956 ƙasarsa ta ƙi kulawa. Ta hannun wani ofishin Amurkawa mai tallafa wa ƙera makaman ƙawaye a Paris zanen ya isa kamfanin injina na Bristol, inda Stanley Hooker da Gordon Lewis suka sauƙaƙe shi. A kamfanin Hawker kuma Ralph Hooper, ƙarƙashin tsohon gwani Sydney Camm, ya zana gangar jikin da za ta ɗauki injin. Gwamnatin Landan a lokacin ba ta da sha'awa, domin a 1957 ministan tsaro Duncan Sandys ya fitar da takardar manufa mai cewa makamai masu linzami ne za su gaji jiragen da mutum ke tuƙawa. Hawker ya zuba kuɗinsa, Amurka ta biya kashi 75 cikin ɗari na kuɗin haɗa injin. Ranar 21 ga Oktoba, 1960, a filin Dunsfold, samfurin gwaji P.1127 ya ɗaga 'yan inci kaɗan daga ƙasa, ɗaure da igiyoyi, an cire masa duk abin da za a iya cirewa don ya yi sauƙi. Matuƙin, Bill Bedford, ƙafarsa na naɗe da ɗorin asibiti saboda haɗarin mota da ya yi. Sai a watan Afrilun 1969 jirgin ya shiga aikin sojan sama da sunan Harrier.

Injin ana ce masa Pegasus, kuma wanda ya gane shi ya gane jirgin gaba ɗaya. Jet na yau da kullum yana shaƙar iska ta gaba ya feso ta ta baya. Pegasus kuwa bututu huɗu gare shi, biyu a kowane gefe a ƙarƙashin fiffike. Na gaba biyu suna feso iskar da katuwar fankar gaban injin ta turo, na baya biyu kuma hucin wuta ne zalla. Duka huɗun a haɗe suke, tare suke juyawa. In suna kallon baya jirgi ya yi gaba. In aka karkato su ƙasa jirgi ya zauna a kan ginshiƙai huɗu na iska. In aka ɗan zarce da su, don suna kaiwa digiri 98 da rabi, sai su zama birki, har jirgi ya yi ribas.

Matsala ta biyu: jirgin da ya tsaya cak babu iskar da ke bi ta kan fiffikensa, don haka duk abin da matuƙi ya saba karkata jirgi da shi ya daina aiki. Sai aka jawo iska mai ƙarfi daga cikin injin ta siraran bututai zuwa hanci da wutsiya da bakin fiffike biyu, tana fita tana daidaita shi duk lokacin da matuƙi ya motsa sandar tuƙi. Wannan iskar daga ƙarfin injin ake satar ta, a daidai lokacin da aka fi buƙatar ƙarfin. Shi ya sa jirgin ke ɗauke da tankin ruwa na kimanin galan 50, ana fesa ruwan cikin injin don ya huce ya ƙara ƙarfi, kuma cikin kamar daƙiƙa 90 ruwan ya ƙare. A ƙasa mai zafi, inda iska ba ta da kauri, lissafin yakan ƙara tsuke, har matuƙi ya zubar da bama-baman da bai yi amfani da su ba a teku kafin ya iya sauka.

A ɗakin tuƙi abu ɗaya ne ya bambanta shi da sauran jirage, wani ɗan hannu kusa da totur mai juya bututan. Wato abin riƙewa uku, hannu biyu. Wanda ya ruɗe ya ja totur a maimakon hannun bututu yana tsaye a sama, ƙasa zai yi kamar dutse. Wuri mafi haɗari shi ne tsakanin tsayuwa cak da cikakken gudu, lokacin da fiffike bai gama karɓar nauyi ba. In jirgi ya ɗan kauce iska ta bugo shi ta gefe, katon bakin injin ya ƙara fizgar hancin, fiffike ɗaya ya ɗaga, kafin ƙiftawar ido ya kife. Don haka aka dasa wata 'yar tutar ƙarfe mai nuna inda iska ke fitowa a gaban gilashin matuƙi. Jirgin miliyoyin fam, amma rai yana rataye a kan abin da ake dasawa a saman rufin gida. Makanikai su ma suna da nasu ƙorafin: ba a canza injin Harrier sai an cire fiffiken gaba ɗaya.

Tashi tsaye da ake yi wa 'yan kallo kuwa, a fagen yaƙi ba a cika yin sa ba, domin jirgi cike da mai da makamai ya fi ƙarfin injinsa nauyi. Abin da ake yi shi ne a ɗan yi gudu kaɗan, a karkato bututan, a tashi. In an dawo, mai ya ragu, makamai sun tafi, sai a yi saukar ungulu. Matuƙansa na da wata magana, wai gara ka tsaya sannan ka sauka da ka sauka sannan ka nemi tsayawa.

Aikin da aka haife shi dominsa bai taɓa yin sa a yaƙi ba. Shekara da shekaru sojojin saman Birtaniya da ke Wildenrath, daga baya Gütersloh, suna atisayen ɓoye shi a dazuzzukan Jamus, a shimfiɗa faifan ƙarfe a ƙasa, a rufe shi da raga da ganye. A nan aka gano cewa jirgi ba ya buƙatar titi, amma motocin dakon mai da bama-bamai da kayan gyara da masu gadi suna buƙata, kuma jerin gwanon motoci ya fi jirgi wuyar ɓoyewa. Yaƙin da ake jira bai zo ba, katangar Balin ta faɗi a 1989. Sunan da Harrier ya yi, a teku ya yi shi.

Yadda ya faɗa teku ma rashin kuɗi ne. A 1966 gwamnatin Birtaniya ta soke shirin gina sabon babban jirgin ruwa mai dakon jiragen yaƙi, na ƙarshe a cikin tsofaffin, Ark Royal, ya daina aiki a ƙarshen 1978. Sojojin ruwa suka samu izinin gina wasu ƙanana guda uku, ajin Invincible, waɗanda aka ce na jirage masu saukar ungulu ne don farautar jiragen ƙarƙashin teku, har aka laƙaba musu wani suna daban don kada masu riƙe da baitulmali su ji an ambaci dakon jiragen yaƙi. Ta wannan ƙofar baya Sea Harrier, wato samfurin Harrier na sojojin ruwa, ya shigo. Wani hafsan sojan ruwa, Doug Taylor, ya kawo shawarar a yi tudu a gaban jirgin ruwan, jirgin sama ya hau shi a guje ya cilla sama, abin da ya ba shi damar tashi da ƙarin kaya. Da babu gara ba daɗi, haka yawancin masana suka ɗauki tsarin. A farkon 1982 har an shirya sayar wa Ostireliya da Invincible ɗin kansa.

Sai Ajantina ta mamaye tsibiran Falkland, waɗanda take kira Malvinas, ranar 2 ga Afrilu, 1982. Tsibiran suna da nisan kusan kilomita 13,000 daga Ingila, babu filin jirgin ƙawa ko ɗaya a kusa. Jiragen ruwa biyu, Hermes da Invincible, suka tafi da Sea Harrier 20, daga baya aka ƙara 8, tare da wasu Harrier GR3 na sojan sama masu kai hari ƙasa. Ajantina na da jiragen yaƙi sama da 100, cikinsu har da Mirage da Dagger masu gudun da ya wuce sauti, abin da Harrier ba ya iyawa. Da aka tashi daga yaƙin ranar 14 ga Yuni, Sea Harrier ya kakkaɓo jirage kimanin 20, ba a harbo ko ɗaya daga cikinsa ba a arangamar jirgi da jirgi. Guda 6 da aka rasa, biyu harbi daga ƙasa ne, huɗu haɗari. A ranakun da teku ta yi tashin hankali, hazo ya rufe, jirgin ruwa na sama da ƙasa, Harrier kan zo ya tsaya a gefe, ya matso ya zauna a tsakiyar bene inda girgiza ta fi sauƙi.

Yabon gwani ya zama dole, amma masu kewa sukan tsallake rabin labarin. Amurka ta ba Birtaniya sabon makami mai bin zafi, Sidewinder samfurin AIM-9L, wanda ya fi na Ajantina nesa ba kusa ba. Jiragen Ajantina kuma daga babban yankin ƙasar suke tasowa, tafiyar ɗaruruwan kilomita, suna isowa da man 'yan mintoci, yawancinsu ɗauke da bama-bamai don jiragen ruwa, ba su zo dambe a sama ba. Ƙananan jiragen dakon nan ba sa iya ɗaukar jirgin leƙen asiri mai na'urar rada da zai hango abokan gaba daga nesa, don haka hare-hare da yawa suka kutsa. Jiragen ruwan Birtaniya Sheffield, Ardent, Antelope, Coventry, Atlantic Conveyor da Sir Galahad duk an rasa su. Gaskiyar magana ita ce ba don Harrier ba da Birtaniya ba ta ma fita wannan yaƙi ba, kuma da babban jirgin dakon da aka soke a 1966 yana nan, wataƙila da matattun ba su kai haka ba.

Ban da yaƙi, jirgi ne mai tara labarai, kuma labari ne abincin kewa. A watan Mayun 1969, a gasar tsallaka Atlantika da jaridar Daily Mail ta shirya, wani matuƙi ya tashi da shi daga filin ajiye gawayin kwal kusa da tashar jirgin ƙasa ta St Pancras a tsakiyar Landan, ya bule manyan baƙi da baƙar ƙura, ya sha mai a sama, ya sauka a cikin birnin New York. Sa'a 6 da minti 11 tafiyar ta ɗauka daga hasumiya zuwa hasumiya. A watan Yunin 1983 wani matashin matuƙin Sea Harrier ya ɓace a tekun Atlantika, rediyo ta ƙi aiki, mai ya kusa ƙarewa, sai ya hango wani ƙaramin jirgin dakon kaya na Sifaniya mai suna Alraigo, ya sauka a kan kwantenoninsa. Kyaftin ɗin ya ƙi sauya hanya, ya wuce da baƙonsa har tsibirin Tenerife, masu jirgin kuma suka nemi ladan ceto aka biya su. A 1996 kuma kamfanin Pepsi ya yi wata tallar barkwanci a Amurka, wai wanda ya tara maki miliyan 7 za a ba shi Harrier. Wani ɗalibi ya lura ana sayar da makin a kan senti 10, ya aika da cekin dala 700,008.50 yana neman jirginsa. Sai da aka je kotu, a 1999 alƙaliya ta ce babu mai hankalin da zai ɗauki tallar da gaske.

Marines kuwa dalilinsu na son sa tsoho ne. Ba su manta da 1942 ba, a tsibirin Guadalcanal, lokacin da jiragen dakon sojojin ruwa suka janye suka bar su a gaɓa ba mai kare su ta sama. Tun daga nan suke son jirgin da yake nasu, wanda zai tashi daga ƙananan jiragen ruwan da ke ɗauke da su, ya kwana kusa da sojan ƙasa. A 1968 wasu hafsoshinsu biyu suka je baje kolin Farnborough suka nemi a ba su su gwada, daga nan ciniki ya faɗa. Daga baya kamfanin McDonnell Douglas tare da abokan aikinsa na Birtaniya suka sake fasalinsa, da babban fiffike mara nauyi da ƙarin kaya da ƙarin zango, ya zama AV-8B a 1985. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 ya yi sawu sama da 3,300, wasu daga filin Tanajib na Saudiyya dab da iyakar Kuwaiti. Ya yi Iraƙi, ya yi Afganistan, ya yi Sirte ta Libiya a 2016, har ya kai ga kakkaɓo jirage marasa matuƙi na 'yan Huthi a Bahar Maliya. Na Birtaniya su ma sun yi Bosniya da Kosobo, sun yi shawagi a kan Freetown a 2000 daga jirgin ruwan Illustrious lokacin da Birtaniya ta shiga rikicin Saliyo, sannan suka zauna a Kandahar daga 2004 zuwa 2009, inda lalacewar titin filin ta sa su ne suka fi dacewa.

Ga kuma abin da ba a karantawa a wurin taron sallama. A watan Disambar 2002 jaridar Los Angeles Times ta wallafa wani dogon bincike, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 2003, ta nuna cewa tun 1971 Harrier ya yi manyan haɗurra 143 a hannun Marines ba a fagen yaƙi ba, sojoji 45 suka mutu, kashi ɗaya cikin uku na jiragen ya salwanta. Laƙabin da ya samu a can shi ne mai mayar da mata zawarawa. Dalilan suna da yawa. Injin ɗaya ne, in ya tsaya ba na biyu. Aikinsa ƙasa-ƙasa ne, inda ba lokacin gyara kuskure. A farko Marines ba su sayi samfurin koyo mai kujera biyu ba, kuma bayan gwanayen da suka fara tuƙa shi, aka riƙa turo matasa marasa gogewa. Indiya ma cikin 30 da ta saya kusan rabi haɗari ya ci. A yaƙi kuma wani rauni ya bayyana: sauran jirage zafinsu a wutsiya yake, makami mai bin zafi ya bugi wutsiya wani lokaci a tsira, Harrier kuwa zafinsa a tsakiyar ciki yake, kusa da injin da tankin mai. Biyar aka rasa a 1991. Wanda zai yi kewar wannan jirgi ya yi, amma ya san akwai matar da har yau ba ta son jin ƙararsa.

Sallamar Amurka ta tsufa ce. An daina ƙera sabo tun 1997, na ƙarshe da aka sake ginawa an miƙa shi a 2003, ƙarfe ya gaji, kuma jirgin da rada ke gani ɓaro-ɓaro ba shi da wurin zuwa a gaban makaman kakkaɓo jirage na zamani. Babu mai jayayya da wannan. Ta Birtaniya ce har yau ake ta da jijiyar wuya a kanta, domin yankan ƙauna aka yi mata. An fara ajiye Sea Harrier a 2006. Sauran, samfurin GR9, ba a daɗe da kashe musu kuɗin sabuntawa ba, ana sa ran su kai 2018, sai gwamnatin David Cameron a bitar tsaro ta Oktoban 2010 ta ce asusu ya yi ƙasa, dole a zaɓi ɗaya tsakanin Harrier da wani jirgin yaƙin mai suna Tornado. Aka zaɓi Tornado, aka haɗa Harrier da sabon Ark Royal, ɗaya daga ƙananan jiragen dakon nan, aka sallama. Wasu tsofaffin manyan hafsoshin ruwa, ciki har da Lord West, suka rubuta wa jaridar The Times wasiƙar Allah wadai. A 2011 aka sayar wa Amurka guda 72 a kan dala miliyan 180, wato dala miliyan biyu da rabi kowane ɗaya, don a kwance su a yi kayan gyara. Gwanjo ke nan.

Wata uku kacal bayan shawagin bankwana aka fara kai hari Libiya. Harrier na Amurka suna tashi daga jirgin ruwan Kearsarge, na Italiya daga jirgin ruwan Garibaldi, duk a bakin gaɓa, yayin da Tornado na Birtaniya suka fara da tasowa tun daga Marham a Ingila, tafiyar kusan kilomita 4,800 zuwa da dawowa, kafin a koma wani sansani a kudancin Italiya. Masu kewa suna son wannan misali ƙwarai. Gwamnati ma tana da nata: Tornado ya fi yawa, ya fi zango, kuma shi ke ɗaukar makaman Storm Shadow da Brimstone da aka yi aiki da su a Libiyan, waɗanda Harrier ba ya harbawa. A nawa ganin, in dole sai an yanka ɗaya, hujjar barin Tornado ba ta banza ba ce. Inda aka yi ganganci shi ne ɗaukar gwanintar tashi da sauka a teku kamar kayan da za a kulle a sito a dawo a tarar. Sai a watan Satumban 2018 jirgin yaƙi ya sake sauka a kan jirgin ruwan Birtaniya, Queen Elizabeth, kuma a tsakanin nan sai da aka riƙa tura matuƙa da ma'aikatan bene aro wajen Amurkawa don kada hannu ya mutu. A cikin wannan taƙin ma gwamnatin ta sauya ra'ayi sau biyu: a 2010 ta ce ta fasa sayen F-35 mai saukar ungulu, a 2012 da ta ga kuɗin sauya fasalin jiragen ruwan ta dawo kansa.

Magajin, F-35B, ya fi Harrier ta kusan kowace fuska da ake aunawa. Yana wuce gudun sauti, yana ɓuya wa rada, yana gani nesa. Yana da fanka a bayan matuƙi wadda injin ke juyawa, bututun baya kuma ya lanƙwaso ƙasa. Matuƙi maɓalli yake dannawa, kwamfuta ta riƙe jirgin a tsaye, ko ya saki sanda ba inda za shi. Wannan tsarin ma a jikin wani tsohon Harrier mai kujera biyu aka gwada shi shekaru da dama a Ingila, har ya sauka da kansa a kan Invincible a 2005. Tsoho ne ya koya wa yaro tsayuwa. A nan kewar matuƙi take. Abin da ya kashe shekaru yana koya, wanda ya binne abokai a kansa, wanda ya sa sauran matuƙa ke ɗaga masa hula, yanzu yana cikin kwamfuta, sabon shiga na yin sa a makon farko. Tsohon direban da ya ƙware da mota mai giya haka yake kallon mai tuƙa otomatik. Uwar matuƙin kuwa ba sai an tambaye ta wanne ta fi so ɗanta ya hau ba.

Kewar Baturen Ingila ta wuce jirgi. Sea Harrier ne jirgin faɗa na ƙarshe da aka zana aka ƙera a Birtaniya ita kaɗai. Tornado da Typhoon na haɗin gwiwa ne da maƙwabta, F-35 kuwa na Amurka ne, duk da kamfanin Rolls-Royce ke yin fankar da ke ɗaga shi. Masana'antar Kingston inda aka zana Harrier an rufe ta a 1992, ta Dunsfold a 2000, filin da Bedford ya fara ɗagawa ya koma wurin gwajin motoci na wani shirin talabijin. Dattijon da ke hawaye a Cottesmore yana kukan jirgi, yana kuma kukan garin da ubansa ya yi aikin ƙira a cikinsa.

Hafsan lissafi shi kuma ya ga tambayar 1950 ta dawo. Ranar 1 ga Yuni, 2025, Yukiren ta yi amfani da ƙananan jirage marasa matuƙi da aka ɓoye a manyan motoci ta ƙona jiragen bama-baman Rasha suna ajiye a sansanoninsu. Finlan da Suwidin suna atisayen sauka a kan titin mota, Marines suna shirin warwatsa F-35B a ƙananan tsibiran Fasifik. Sai dai jirgin da fatarsa ke buƙatar lallashi, kayan gyaransa ke tafiya da kwamfuta, hucinsa kuma sai an yi wa benen jirgin ruwa shafe na musamman, ya fi Harrier wuyar kwana a daji.

Wadda za ta rufe ƙofa ga alama Sifaniya ce. Tana tuƙa Harrier tun 1976, tana da kimanin dozin ɗaya a sansanin Rota, da jirgin ruwa ɗaya, Juan Carlos I, mai tudun tashi a gaba. Babu sabon jirgin yaƙi a kasuwa da zai iya sauka a kansa sai F-35B, kuma a watan Agustan 2025 Madrid ta ce ba za ta saya ba, kuɗinta a Turai za ta kashe. Jiragen Turai da take magana a kai babu mai saukar ungulu a cikinsu. Don haka sojojin ruwanta ke shirin jan tsofaffin har wajajen 2030, kuma makanikan Rota za su koma neman kayan gyara a jikin jiragen da wasu suka ajiye, kamar yadda Amurkawa suka yi da na Ingila a 2011.